Famfo ba ya ganin jijiya: shaida daga gefen gadon ICU

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen kulawa ta musamman, wanda kowa ya fi sani da ICU. Duk wanda aka taɓa kwantar masa da ɗan'uwa a wannan ɗaki ya san yadda gaba ke faɗuwa idan aka ɗan buɗe ƙofa ya hango nasa, ga igiyoyi ta ko'ina, ga na'urori jere a jikin ƙarfe guda suna ƙara. Da yawa sukan ɗauka magana ta ƙare, lokaci kawai ake jira. Ba haka abin yake ba. Kowace igiya da aikinta, kowace ƙara da dalilinta. Zan ba da shaidar abin da ke gudana a wurin ta labarin wata baiwar Allah da aka kawo mana, ba tare da ambaton sunanta ko garinsu ba.

Matashiya ce, ta haihu a gida, bayan 'yan kwanaki zazzaɓi mai zafi ya rufe ta. Ashe guntun mabiyiya ne ya rage a mahaifa ya ruɓe, ƙwayoyin cuta suka bi jini. Da aka kawo ta awon jininta 70 a kan 40, zuciya na bugawa kusan 140 a minti, tafin hannu sanyi ƙalau, ana magana tana amsa abin da ba a tambaye ta ba. An fara da ruwa, domin shi ne a gaba. Ƙa'idar irin wannan ciwo ita ce mililita 30 kan kowane kilo na nauyin jiki cikin awa uku na farko. Ita kilo 60 ce, wato mililita 1,800, sama da leda uku da rabi ta 500. An ɗebi jini don gwaji, an ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta tun a awar farko. Ruwa ya shiga, jini ya ƙi tashi.

A jikin allon da ke saman gado, kusa da awon jini, akwai wata ƙaramar lamba ta uku, matsakaicin awo. Ita muke kallo fiye da manyan biyun. Ana samun ta idan aka ninka lambar ƙasa sau biyu, aka haɗa da ta sama, aka raba uku. Tata 50 ce. Ƙasa da 65 kuwa ƙoda da ƙwaƙwalwa ba sa samun isasshen jini. Nan likita ya ce a ɗaura noradiranalin, maganin da ke matse jijiyoyi jini ya tashi, kuma nan ne famfo, na'urar da ke tura magani cikin jijiya a ƙididdige, ya shigo labarin.

Ga yadda lissafin yake. Ana zuba miligiram 4 na maganin a babban sirinji, a cika da ruwa ya kai mililita 50. Kowace mililita ta ɗauki maikirogiram 80 ke nan. Likita ya ce a ba ta maikirogiram 0.1 kan kowane kilo a minti. Kilo 60 ya ba da 6 a minti, 360 a awa. Raba 360 da 80, an sami mililita 4.5 a awa guda. Bai cika cokalin shayi ba. A igiyar ƙarin ruwa ta yau da kullum ɗigo 20 ne mililita ɗaya, to 4.5 a awa ya kama ɗigo ɗaya da rabi a minti. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a wannan magani babu idon da zai tsare ɗigo ɗaya da rabi har gari ya waye. Mara lafiya ya miƙe hannu kawai ya isa ya ninka gudun ruwan, ya lanƙwashe kuma ya tsaya cak. Shi kuma maganin ba ya daɗewa a jini. Cikin minti biyu zuwa uku rabinsa ya tafi. Ya yanke, jini ya faɗi. Ya yi yawa, jini ya haura, zuciya ta rikice.

Famfo iri biyu ne a gefen gado. Akwai na sirinji, wanda ake kwantar da sirinjin mililita 50 a cikinsa, wani ɗan hannu yana tura sandar a hankali. Shi ake ba magunguna masu ƙarfi da ake bayarwa kaɗan-kaɗan, yana iya sauka har 0.1 a awa. Akwai kuma na leda, mai ƙofa, wanda ake zura igiyar ruwan a cikinsa wasu 'yan yatsu na matsa ta bi da bi suna kora ruwa gaba. Shi ne na ruwan gishiri, ruwan sukari da manyan magunguna. Kamfanoni irin su B. Braun, Fresenius, BD da Mindray duk suna ƙera su, maɓallansu sun bambanta, aikinsu ɗaya.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, famfo bai san mara lafiya ba. Bai san ko wane magani ne a cikin sirinji ba, bai san ko ruwan ya isa jijiya ko ya zube a zanin gado ba. Na sirinji ma ba ruwa yake aunawa ba, tafiyar sanda yake aunawa. Shi ya sa idan aka ɗora sirinji yakan tambayi na wane kamfani ne, domin faɗin cikinsu ya bambanta ko da duk 50 aka rubuta. Aka danna "e" a kan sunan da ba shi ba, zai yi ta nuna 4.5 alhali abin da ke fita daban ne. Na leda shi ma da igiyarsa ta musamman aka gwada shi. A wuraren da kaya ke ƙarewa akan cusa masa kowace igiya aka samu a kemis, ƙofa ta rufu, lamba ta fito, kowa ya sakankance, ga shi kaurin robar bai yi daidai ba.

Kafin a haɗa wa baiwar Allahn nan sirinjin an manna masa takarda: sunan magani, yawansa, lokacin da aka haɗa, da hannun mutum biyu da suka duba. An manna wata a bakin igiyar kusa da jikinta. Sannan aka sa famfon ya tura magani har ya ɗiga a bakin igiya tun ba a haɗa da ita ba. Wannan ɗan aiki yana maganin matsala biyu. Tsakanin hannun famfo da sandar sirinji akwai ɗan sako-sako, kuma a ƙaramin gudu famfo zai iya ɓata mintuna masu yawa yana cike wannan giɓi, allo na cewa yana aiki, ko ɗigo bai fita ba. Ita ma igiyar tana da nata cikin. Siririyar igiya mai tsawon santimita 150 takan ɗauki mililita ɗaya zuwa biyu. A ce ɗaya da rabi ce cike da ruwan gishiri. A gudun 4.5, minti 20 za a yi kafin magani ya taɓa jini, mu kuwa muna tsaye muna mamakin jinin da bai motsa ba.

Wannan cikin igiya yana da haɗari ta ɗaya ɓangaren, kuma shi ya fi tsorata ni. Da zarar ta cika da noradiranalin, wannan mililita ɗaya da rabi maganin minti 20 ne a kwance. Wani ya zo da allurar rage zazzaɓi, ya ga mahaɗa, wato bakin da ake jona wata igiya ko sirinji, a kusa, ya tura ta nan ya bi da ruwan wanki, ya watsa mata maganin minti 20 cikin sakan biyar ke nan. Saboda haka hanyar wannan magani tasa ce shi kaɗai. Aka sa mata doguwar roba a babbar jijiyar wuya, mai baki uku, kowane baki da ramin da ya bi har ciki ba sa haɗuwa. Ɗaya na noradiranalin, ɗaya na maganin barci, ɗaya na allurai. Rabuwar tana da wani amfanin, domin akwai magungunan da ba sa jituwa: kalsiyam da bayikabonet suka haɗu a igiya sai su zama farin gari, haka fenitoyin idan ya gamu da ruwan sukari.

Mahaifiyarta ce ke jinya. A daren farko an bar ta ta shigo na ɗan lokaci, sai ɗaya daga cikin famfunan ya fara ƙara. Ta dafe ƙirji ta ce, "Sista, wannan da ke kuka, ranta ne ke fita?" Na ce, "A'a Inna, sirinji ne yake gaya mana ya kusa ƙarewa, ya ba mu lokaci mu haɗa wani. Ki zauna, ki ci gaba da yi mata addu'a." Mafi yawan ƙarar da ake ji a ICU irin wannan ce: sirinji ya kusa ƙarewa, batir ya yi ƙasa, iska ta shiga igiya, ƙofa ba ta rufu ba, waya ta ɓalle daga ƙirji. Amma babu wadda ake kashewa ba a duba dalilinta ba. Maɓallin shiru yana ɗauke ƙara na kamar minti biyu ne kawai, matsalar tana nan. Na roƙi masu jinya, kada wanda ya koyi inda maɓallin yake ya riƙa danna mana shi don tausayin mu ko don mara lafiya ya yi barci.

Sauya sirinjin ma da nasa tsari. Mililita 50 a gudun 4.5 awa 11 ne. Idan aka tsaya cire tsoho da ɗora sabo, ga sako-sakon da na faɗa, jini zai faɗi kafin sabon ya kama. Sai a ɗora sabon a famfo na biyu, a kunna shi yana tafiya, a haɗa shi a mahaɗa, sannan a janye tsohon ana kallon allo.

Ƙarar da ta fi buƙatar natsuwa ita ce ta toshewa. Igiya ta lanƙwashe ƙarƙashin kafaɗa lokacin juyi, ko an manta mahaɗa a rufe. Famfo yana ci gaba da turawa, roba na kumbura kaɗan-kaɗan, sai matsi ya kai iyakar da aka sa masa sannan ya yi ƙara. A babban gudu nan da nan ne. A ƙaramin gudu yana iya ɗaukar mintuna da yawa, har jini ya riga ya faɗi famfo bai ce uffan ba. Hakan ta faru da ita da asuba bayan an juya ta: matsakaicin awon jininta ya sauko daga 68 zuwa 55. Hannu yakan so ya tafi kai tsaye ga maɓallin ƙari, amma abin yi shi ne a bi igiyar da yatsa tun daga bakin sirinji har wuya. Aka samu lanƙwasar a bayan matashi. Ko an samu kuma ba a warware ta haka kawai, domin maganin da ya taru a bayan toshewar zai afka mata gaba ɗaya. Ana rufe ɓangarenta, a saki matsin waje, sannan a buɗe. Sababbin famfuna sukan ja sanda baya da kansu don rage wannan, tsofaffin ba sa yi.

Akwai kuma inda famfo ba zai yi ƙara ba sam. Kanula ta hannu ta fice daga jijiya, ruwa na shiga ƙarƙashin fata. Nama yana karɓa, matsi bai tashi ba, allo na nuna komai lafiya. Littattafai za su ce a duba ja ko fari a wurin, amma a fatarmu wannan ba ya fitowa da wuri. Taɓawa ake yi, a kwatanta hannu biyu: kumburi, tauri, sanyi, filasta ta ɗame. Idan noradiranalin ne ya zube haka yana iya kashe fatar wurin har ta zama gyambo. Sai a tsayar, a bar kanular a zuƙo abin da zai zuƙu, a ɗaga hannun, likita ya yi allurar fentolamin kewaye da wurin idan akwai, cikin awa 12. Mai jinya da ya ce "Sista, hannun nan kamar ya fi ɗayan girma" ya yi aikin da babu na'urar da ta iya.

Tsayin famfo ma magana ce. Ana ajiye shi daidai da mara lafiya. Idan yana can sama kuma sandar sirinji ba ta kamu da kyau ba, nauyin ruwa kaɗai zai zuƙe sirinjin cikin jijiya. Ɗaga famfo sama yana cikin aiki yakan tura ɗan ƙari, sauke shi ƙasa yakan jinkirta. A na leda kuma, buɗe ƙofa ba a murza makullin igiya an rufe ba yana sakin ruwan ya kwarara yadda ya ga dama, sai dai in igiyar mai kulle kanta ce. A ce ledar potasiyam ce. Shi wannan ba a wuce milimol 10 a awa ta jijiyar hannu, ko 20 ta babbar jijiya ana kallon bugun zuciya, kuma ba a taɓa tura shi da hannu. Ya shiga da gudu, zuciya tsayawa take yi.

Sauran ɓarnar ta yatsa ce. A rubuta 45 a maimakon 4.5, ko a ɗauki miligiram a matsayin maikirogiram, wanda ninki dubu ne. Famfo zai karɓa ya aiwatar. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta karɓi rahoto kusan 56,000 na matsalolin famfon ƙarin ruwa tsakanin 2005 da 2009, an kuma janye kaya daga kasuwa sau 87 a wannan tsakani. Sababbin famfuna suna da jerin magunguna a cikinsu da iyakar kowane, su ja kunne idan an wuce. Suna taimakawa ƙwarai, amma ni dai ban ga abin da ya kai mutum biyu su tsaya, ɗaya ya karanta umarnin likita da ƙarfi, ɗaya ya karanta allo ba. Haka ake yi duk miƙa aiki, igiya bayan igiya.

Inda babu famfo kuwa dabara ake sauyawa. Mai jijjigar ciki da ke buƙatar magnesiyam, idan da famfo, giram 4 ne a farko sai giram 1 kowace awa har awa 24. A asibitocinmu da yawa ana bin ɗaya hanyar: giram 4 ta jijiya, giram 5 a kowane ɗuwawu, sai giram 5 duk awa huɗu, ana duba numfashi, fitsari da harbin gwiwa kafin kowace allura. Allurar da zafi, amma ta fi a sake magnesiyam a leda babu mai tsaron gudunsa.

Na koma kan allon. Layin kore bugun zuciya ne daga wayoyin da aka manna a ƙirji. Gumi ya ɓalle ɗaya, layi zai miƙe ko ya yi ta tsalle, mara lafiya kuwa na kallon ka. Shi ya sa ake fara duban mutum kafin allo. Ɗan maƙalen yatsa mai jan haske yana auna iskar oksijin a jini, wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano dabararsa a farkon shekarun 1970. Nata ya yi ta ɓacewa, saboda hannun sanyi ne ga kuma baƙin lalle irin na dayis a yatsunta, sai aka mayar da shi kunne. Jan farce, rawar jiki da ƙarancin jini a yatsa duk suna ruɗa shi. Wanda ya shaƙi hayaƙin janareta ko na gawayi a rufaffen ɗaki, na'urar za ta iya nuna 98 alhali jininsa cike yake da guba. Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye: binciken da aka wallafa daga Jami'ar Michigan a Disambar 2020 ya nuna cewa idan na'urar ta nuna 92 zuwa 96, samun ainihin iskar ƙasa da 88 ya kusa ninka uku a baƙar fata kan farar fata. Don haka mai haki yana buɗe hanci, ko lamba ta ce 94, ba a barin sa, jinin jijiyar bugu ake ɗiba a gwada.

Awon jini da ɗamarar hannu yana da nasa sharaɗi. Ƙaramar ɗamara a babban dantse tana ƙara lamba. Ba a ɗaura ta a hannun da ruwa ke shiga, domin duk kumburarta tana datse ruwan. Ita an sa mata siririyar kanula a jijiyar bugu ta wuyan hannu, mai nuna awo bugu bayan bugu, da jakar matsi da ake hurawa zuwa 300 tana sakin kamar mililita 3 a awa don kada ta toshe. Ɗan ma'aunin da ke jone da igiyar kanular dole ya zauna daidai da zuciya. Ya sauka da santimita 10, awo zai ƙaru da kusan 7 da rabi na ƙarya, a rage magani a kan kuskure. An ɗaga gado ko an sauke, sai an sake daidaita shi. Kuma ba a yin allura ta wannan hanya ko kusa.

A kwana na biyu huhunta ya jiƙe, abin rufe fuska na oksijin mai jaka a lita 15 a minti ya kasa, aka sa mata roba a maƙogwaro aka haɗa da na'urar numfashi. Yawan iskar da ake hura mata ba da nauyin sikeli ake lissafa shi ba, da tsayi ne, domin huhu ba ya girma da ƙiba. Tsayinta santimita 160, nauyin lissafi kusan kilo 52, a mililita 6 kan kilo ya kama wajen 310 kowane numfashi. An rubuta lambar robar a daidai haƙori, 21, duk mai karɓar aiki ya duba ko ta motsa. Balan-balan ɗin da ke toshe gefen robar ana riƙe matsinsa tsakanin 20 da 30. Ƙasa da haka yawu na gangarawa huhu, sama da haka yana cin maƙogwaro. Ƙarar matsi ya yi yawa galibi majina ce, ko tari, ko ta ciji robar. Ƙarar matsi ya faɗi, wani wuri ya cire, kuma wannan gudu ake yi mata. Zuƙe majina ba ya wuce sakan 10 zuwa 15, domin ana zuƙe iskarta tare. Kan gado a ɗage digiri 30, ana wanke baki, ana juya ta duk awa biyu.

A kan kowane irin gadon nan akwai jakar matsa iska da hannu a rataye. Na'ura ta rikice ba a gane dalili ba, cire ta ake yi a koma jaka. Da hannu ma aka fara wannan aiki: a annobar shan inna ta 1952 a Kopenhagen, likita Bjørn Ibsen ya sa ɗaliban likitanci suna karɓa-karɓa dare da rana suna matsa wa marasa lafiya iska, daga nan tunanin ICU ya samo tushe.

Ranar da za a kai ta tiyata a wanke mahaifa, lissafin ya koma na hanya. Ƙaramar tukunyar oksijin mai lita 680, a lita 15 a minti, minti 45 ce idan a cike take. Babbar mai lita 6,800 awa bakwai da rabi. An duba batirin kowane famfo, domin wanda ya tsufa yakan nuna a cike ya mutu a bakin lif. An tsayar da abincin da ke bi ta robar hanci, nan take kuma aka waiwayi famfon insulin. Shi yunit 50 ne a mililita 50, ana neman sukari ya zauna tsakanin 7.8 da 10, ana gwadawa duk awa. A tsayar da abinci a bar insulin yana tafiya, sukari zai faɗi, ita kuwa tana cikin maganin barci ba za ta yi gumin da za a lura ko ta ce jiri take ji ba.

Batun wuta ya sa famfo kullum a jone yake, don batir ya cika ya riƙe tsakanin ɗauke wuta da tashin janareta. Soket ɗin bayan gado ba na cajin waya ba ne. Akwai wasu abubuwa biyu da ƙauna ke sa a yi. Mahaifiyarta ta zo da ruwan addu'a a gora ta ce, "'Yata, ko ɗigo uku ne ki bari in sa mata a baki." Na ce, "Inna, yanzu ba ta iya haɗiya, abin da ya shiga baki huhu zai tafi. Kawo in jiƙa auduga ki shafa mata a goshi da hannu." Ta yi hakan da hannunta. Na biyun man shafawa ne: basilin da duk wani mai maiƙo ba a sa shi a leɓe ko hancin mai oksijin, ko a bakin tukunya, domin oksijin na sa maiƙo ya kama da wuta cikin sauƙi. Akwai mai ruwa-ruwa da ake bayarwa don bushewar leɓe.

Alamar sauƙi ta farko ba a fuska ta fito ba, a jakar fitsari ce. Ana neman rabin mililita kan kilo a awa, wato 30 a gare ta. Daga 10 ta koma 25, ta wuce 40. Jakar tana rataye ƙasa da mara, ba ta taɓa ƙasa, ba a ɗaga ta sama fitsari ya koma. Daga nan aka fara rage noradiranalin kaɗan-kaɗan, ana jira bayan kowane ragi a ga ko lambar za ta tsaya sama da 65. Da aka kashe shi, ba a wanke hanyar da turawa ba, zuƙo abin da ke ciki aka yi aka zubar tukuna. Kowace safiya ana tsayar da maganin barci a ga ko za ta buɗe ido ta matse hannu. Da ta iya numfashi da kanta na tsawon minti 30 zuwa awa biyu da ɗan tallafi, aka cire robar. Murya ta dishe na 'yan kwanaki, kuma sai da aka gwada haɗiyarta da ɗan ruwa a cokali kafin a ba ta kunu.

Dare biyu ta yi tana ganin mutane a jikin bango tana fizge igiyoyi, har dangi suka fara zancen iska. Wannan ruɗewa sananniya ce bayan ciwo mai tsanani, maganin barci da rashin bambance dare da rana. Abin da ke taimakawa shi ne a buɗe labule da rana, a rage haske da ƙara da dare, wanda ta sani ya zauna kusa yana gaya mata inda take, ranar da ake ciki, da cewa jaririnta yana nan lafiya wajen yayarta.

Robar wuya ce ta fita a ƙarshe. Ana kwantar da mutum flat ba matashi, ya riƙe numfashi ko yana fitar da shi a zare, a danne wurin aƙalla minti biyar, a rufe da filastar da iska ba ta ratsawa, ya ci gaba da kwanciya rabin awa. A cire ta yana zaune, iska na iya bin ramin ta shiga jini. Daga nan aka mayar da ita ɗakin mata da kanula ɗaya a hannu, ledar 500 da za ta ɗauki awa shida, babu famfo. Ɗigo 28 ke nan a minti, bakwai a sakan 15. Aka nuna wa mahaifiyar yadda za ta ƙirga da agogon waya, aka ce in ta ga ya tsaya, ko yana zuba, ko hannun ya kumbura, ta kira sista, kada ta murza makullin da kanta ko da ledar makwabciya ta riga tasu ƙarewa.